Rarraba sharar kicin ɗinmu a Bronx, yadda aikin ke tafiya

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Zan riƙa rubuta wannan aikin a nan duk sanda na samu sarari, saboda ƴan uwa masu gidan abinci a nan New York da suke ta tambayata a WhatsApp. Gwaggona ta fi shekara goma tana da ƙaramin gidan abinci a Bronx, ni nake kula mata da kicin da sayayya, kuma duk tsawon lokacin nan dokar raba sharar abinci bata hau kanmu ba don shagon ƙarami ne. Toh a ƙarshen bara sai muka karɓi hol ɗin da ke jikinmu, mai cin mutum wajen 250, muna yin biki da suna da walima a ciki, nan take muka faɗa cikin dokar ba tare da mun lura ba, sai da wani maƙwabcinmu mai irin sana'ar ya ja kunnena.

Dokar dai ita ce Local Law 146 ta shekarar 2013, hukumar tsaftar birni DSNY ce ke aiwatar da ita. A 2016 suka fara da manya, filayen wasa da manyan otal da masana'antun abinci, a 2018 suka faɗaɗa, sannan ranar 31 ga Yulin 2020 suka sake faɗaɗawa ta sauko har kan gidan abinci mai faɗin murabba'in ƙafa 7,000, da mai rassa biyu ko fiye idan jimillarsu ta kai 8,000, da kantin kayan abinci mai 10,000, da masu ɗaukar nauyin girkin taro a wurinsu idan mahalarta sun haura 100. Wannan na ƙarshen shine mu. Saboda korona sai da suka jira har ƙarshen Yulin 2022 kafin su fara rubuta tara, kuma dokar ta yanka dala 250 karon farko, 500 na biyu, 1,000 na uku idan duk cikin wata goma sha biyu ne.

Abin da suke so ba boyayye bane: ragowar abinci, ɓawo, takardar da abinci ya ɓata, ganye da furen ado, duk a ware su daga sauran shara. Hanya uku ce, ko ka ɗauki kamfanin kwasar shara mai lasisi, ko ka kai da kanka bayan kayi rajista, ko ka sa injin sarrafawa a wurinka. Mu ta farkon zamu bi, bamu da filin inji bamu da motar ɗauka.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Wanda ke gida zai yi mamaki, a New York motar gwamnati bata kwashe sharar ƴan kasuwa, ta gidajen zama take ɗauka, kai mai shago kai zaka nemi kamfani ka biya da aljihunka, kuma dole kamfanin ya zama yana da lasisin BIC, hukumar birni mai sa ido kan kamfanonin kwasar shara, sannan ka manna sitikarsu a ƙofa ko taga mai nuna sunan kamfanin da ranakun da yake zuwa. Na kira namu na ce a ƙara mana layin sharar abinci, sai da nayi kira huɗu kafin a haɗani da wanda ya san zancen. Mun tsaya akan sau uku a sati, Litinin da Alhamis da daren Asabar.

Sun kawo kwanduna huɗu masu taya da murfi mai makulli. Ni kuma na sayo ƙananan bokitai shida kore na cikin kicin, ɗaya wurin feraye, ɗaya wurin gyaran nama da kifi, biyu bakin wurin wanke-wanke, biyu na ajiya. Doka ta ce sai an rubuta a jikin kowane, kuma a kafa allon bayani a inda ake aikin, to ma'aikatanmu kala-kala ne, akwai Baba mutumin Damagaram, akwai Iya da ƙanwarta ƴan zangon Kumasi, akwai yara biyu ƴan Gini, da wani ɗan Dominika mai taya mu wanke-wanke ranar taro. Na rubuta allon da Turanci da Faransanci da Sifaniyanci da Hausa, amma abin da yafi aiki hotuna ne da na ɗauka da wayata, ɓawon doya da ƙashin kaza da shinkafa a gefen kore, cokalin roba da safar hannu da leda a gefen ja.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Bikin farko tun da muka fara, daren Asabar, mutum kusan 220. Ba mu ci jarrabawar ba.

Wurin feraye lafiya lau, Iya ko sau ɗaya bata kuskure ba, ɓawon albasa da na doya da na agada da ƙwallon tattasai duk suna bokitinsu tsaf. Matsalar tana wurin da faranti ke dawowa. Misalin ƙarfe ɗaya na dare an tashi taro, yara na shigowa da tire cike da faranti, kowane faranti akwai ragowar jalof da ƙashi da cokalin roba da tsinken sakace da murfin kwalba da tishu da wani lokacin har ledar cingam, mutum ya gaji tun azahar yake tsaye, hannunsa da kansa yake kifewa gaba ɗaya cikin duk abin da yafi kusa. Da safe na buɗe kwandon na saka safar hannu na fara tsinta, na ƙirga cokali 63 kafin na daina ƙirgawa, ga guntayen takardar alminiyom da aka rufe tire da ita ta manne da shinkafa. Kwando ɗaya dole na mayar dashi shara ta gama-gari don ba zai tsintu ba, raina ya ɓaci sosai wallahi.

Ban yi wa kowa faɗa ba don laifin tsarin ne, ni na ajiye bokitin a inda bai dace ba. Yanzu mun sa tebur a bakin ƙofar kicin, mutum ɗaya aikinsa kawai ya cire cokali da roba ya jefa gefe kafin faranti ya ƙarasa wurin mai kankarewa.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Gobe ko jibi azumi. Na sayo sikeli na ƙasa irin na masu aika kaya, daga yau duk bokitin da za'a juye sai an auna an rubuta a littafi, kuma na raba layi biyu, na feraye daban, na dafaffen abinci daban. Sannan mun koma cokalin ƙarfe a taron da bai wuce mutum 150 ba, wanki ya ƙaru amma tsinta ta ragu.

Laraba, 12 ga Maris

Wannan ne abin da nake so masu gidan abinci su karanta da kyau.

Muna buɗa baki na jama'a a hol ɗin ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi, masu hali ke biya. Kwana goma na awo, kuma littafin ya nuna min abin da ban taɓa gani ba a shekara goma ina cikin kicin ɗin nan. Ni a zatona ɓawo da ƙashi ne zasu fi yawa. Ashe dafaffen abinci ne, kuma ba ma na faranti ba, wanda ko taɓa shi ba'a yi ba, tire guda na shinkafa ya zauna kan wuta ƴar ɗumi har sha ɗaya na dare sannan a juye. Daren Asabar kaɗai laba 84 na shinkafa da taliya da ƙosai, wajen kilo 38 kenan. Da can duk wannan cikin baƙar leda yake shiga a ƙulle a fitar, ba wanda ya ganshi, yanzu kuwa gashi fari tas a buɗaɗɗen bokiti kana kallonsa yana kallonka, cikin watan Ramadan.

Baba ne ya fara magana. Ya tsaya da bokitin a hannu ya ce min, "Ɗana, wannan ba shara ba ce, abinci ne. Ni hannuna ba zai juye shi ba, sai dai ka sa wani." Ban samu abin ce masa ba. Na tuna gidanmu a Kano, tuwon dare in ya kwana ɗumame ne da safe, ƙanzon tukunya a jiƙa ko a shanya, ɓawon doya da dusa da ruwan wankin hatsi na akuya da tumaki ne, abin da ya rage a kwano kuma almajiri na bakin ƙofa. Ko tokar murhu da kashin dabbobi da sharar tsakar gida basa zama banza, manoman karkarar Kano sun daɗe suna shigowa birni da jakuna suna kwasa su kai gona a matsayin taki. Wato rarrabawar da ake tilasta mana da tara a nan, kakata tana yinta ba tare da ta sa mata suna ba. Bambancin kawai a nan ba akuya a bayan gida, ba mai sallama a ƙofa, sai leda.

Na kai wa Gwaggo littafin. Ta daɗe tana dubawa sannan ta ce, "Kai yaro, ka san abin kunya ne a ce abinci ya ƙare a taron mutane, gara ya ragu da a ce bai isa ba." Na ce mata Gwaggo gaskiya ne, amma ragin tire ɗaya daban, ragin tire huɗu daban. Maganarta tana da tushe fa, duk wanda ya san mutanenmu ya san in shinkafa ta yanke a biki sunanka ya ɓaci har Kumasi da Yamai kafin gari ya waye. Mun tsaya a kan za'a dafa kashi uku cikin huɗu tun farko, sauran a wanke a ajiye da miya a shirye, in an ga tire na biyu ya kusa ƙasa a ɗora, minti ashirin da biyar ta nuna.

Talata, 1 ga Afrilu

Barkanmu da sallah, mun yi ranar Lahadi. Dabarar dafawa kashi biyu tayi aiki, goman ƙarshe dafaffen da muke zubarwa ya sauko ƙasa da rabin na farkon wata, sau ɗaya ne aka ɗan jira shinkafa minti goma kuma ba wanda yayi ƙorafi don akwai kunu da ƙosai a gaba. Sannan mun ajiye robobin ɗaukar abinci a bakin ƙofa, kafin a tashi ana sanarwa duk mai so ya ɗiba, direbobin tasi da masu kai saƙo a keke su suka fi kwasa don sahur. Gwaggo tana tsoron kar wani yaci ya ce cikinsa ya ɓaci ya kai ƙara, na nuna mata akwai dokar tarayya tun 1996, ta Bill Emerson, da ke kare wanda ya bada abinci mai kyau da kyakkyawar niyya ta hannun ƙungiyoyin agaji, hankalinta ya ɗan kwanta. Abin da aka riga aka zuba a faranti dai baya cikin wannan, shi kam kwando.

Yau kuma aka fara tarar gidajen zama, don tun Oktoban bara ya zama dole kowane gida a duk gundumomi biyar ya ware ragowar abinci a kwandon nan mai ruwan ƙasa. Iya ta ce mai kula da benensu ya manna takarda a lif, ita kuwa dariya tayi ta ce ai ta riga ta gama makarantar a wurin aiki, ita ke koya wa maƙwabta yanzu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Tarar gidajen ba ta yi sati uku ba aka dakatar da ita ga ƙananan gidaje, sai yaran suka zo min da cewa ai an soke doka. Na ce musu wancan na gidaje ne, namu na ƴan kasuwa yana nan daram.

Ɗaya daga cikin yaran Gini ya tambayeni tambayar da ta dace, ya ce Malam duk wahalar nan ina ake kai abin, ko dai a hanya suke haɗewa da sauran shara. Na tambayi direban motar da daddare, ya ce nasu wani wuri suke kaiwa inda inji ke tace roba a markaɗa sauran ya zama kamar kunu. Irin wannan kunun ake kaiwa Newtown Creek a Greenpoint ta Brooklyn, matatar ruwan ƙazanta mai manyan tankuna takwas masu siffar ƙwai da ake hangowa daga nesa suna ƙyalli, a ciki ƙwayoyin halitta ke cinye shi ba iska, iskar gas ta fito a tace a tura bututun kamfanin gas na National Grid. Wani kason na birni kuma ana mayar dashi taki a Staten Island, a Fresh Kills, wurin da ya kasance babbar bolar birnin har aka rufe ta a 2001. Tun daga rufewar New York bata da bola a cikinta, sharar fita take a jirgin ƙasa da na ruwa da tirela zuwa wasu jihohi irin su Pennsylvania da Virginia, ana biyan kuɗin ɗauka ana biyan na binnewa, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na sharar gidaje abin da zai iya ruɓewa ne. In an binne abinci ƙarƙashin tulin shara ba iska, gas ɗin methane yake fitarwa, wanda yafi hayaƙin carbon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Gas ɗaya ne da wanda ake kamawa a tankunan can, a bola yana tsiyayewa sama, a tanki yana dafa wa wani abinci. Da na faɗa masa haka ya gyaɗa kai, tun ranar shine ya fi kowa tsananta wa kan cokali.

Ni dai a son raina da takin aka fi yi, don in ka taɓa ganin gonar da aka zuba wa taki da wadda ba'a zuba ba baka buƙatar bayani. Amma ko wanne ya fi binnewa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Abu biyu ƙanana. Miya: kar a juye ta cikin kwando, nauyi take ƙarawa kuma ta tsiyaye a titi, muna tace ta da matsami, tsakin ya shiga kore. Man suya kuma bai shiga ko ɗaya, yana da duron sa daban da masu zuwa ɗauka, kuma kar a kuskura a zuba a sinki. Na kuma fara cire ganyen kabeji da latas da suka lalace tun a kasuwar Hunts Point kafin in loda, ina buɗe kwali ina dubawa, da can sai na iso nake gani.

Litinin, 9 ga Yuni

Babbar sallah ta faɗo Juma'a, kwana uku a jere muna aiki, walima biyu da suna ɗaya. Ƙashi yayi yawa sosai, na rago da na sa, kwandunan sun yi nauyin da mutum ɗaya baya iya turawa. Na riga na tambayi kamfanin sun ce suna karɓar ƙashi da nama, amma kowa ya tambayi nasa don ba duka suke ɗaya ba, haka ma ledar da ake shimfiɗawa a ciki, namu mai ruɓewa kawai suke yarda da ita, kuma tana yagewa in abu yayi zafi ko nauyi, sai mun bari ya huce.

Daren Asabar motar bata zo ba. Na kira ba'a ɗauka ba, na tura saƙo shiru, kwanduna huɗu cike suna zaune har yau da asuba. Da suka zo kuma suka ce ɗaya akwai roba a ciki zasu caje mu kuɗin gurɓatawa, na ce a turo min hoto, har yanzu ina jira. Robar kam mai yiwuwa ce, don mun ɗauki ƴan aikin rana guda uku da ban samu zama na nuna musu ba, wannan gyara na ne: duk sabon hannu minti biyar a gaban allo kafin ya sa rigar aiki. Amma rashin zuwan nasu ne, kuma na fara rubuta duk daren da suka saɓa.

Laraba, 25 ga Yuni

Zafin jiya ya kusa 100 a ma'aunin nan, wajen 37 a namu. Na ɗaga murfin kwando na biyu da rana, tsutsa fari fat a gefen murfin da cikin lungun taya, ga wari da ya bugi maƙogwarona har sai da na ja baya. Kan kifi da hanjin kaza na ranar Lahadi ne suka ja, an jefa su bayan motar Litinin ta wuce. Maƙwabciyarmu ta sama ta leƙo ta taga tayi magana, kuma tana da gaskiya.

Abin da muka yi: mun wanke duka huɗun da ruwan zafi da sabulu da ruwan tsami, muka kife su a rana suka bushe. Daga yanzu duk ɗanyen abu na kifi da nama a ƙulle shi a saka a ƙasan tsohuwar firiza da muka ware don wannan kaɗai, sai daren da mota zata zo a fito dashi a daskare. Ƙasan kowane kwando muna shimfiɗa yagaggen kwalin ƙwai ya tsotse ruwa. Kuma na roƙi a ƙara mana rana ta huɗu daga yanzu zuwa Satumba, kuɗi ne amma ba yadda za'a yi.

Abu ɗaya da zan yaba: ɓeraye. Tun ƙarshen Yulin 2023 aka hana gidajen abinci tara baƙar leda a bakin titi, sai cikin kwando mai murfi, to yanzu da abincin ma ya fita daga baƙar ledar gaba ɗaya ya koma mai makulli, bayan shagonmu da a da in ka fito ƙarfe biyun dare sai ka buga ƙafa kafin ka wuce, wata biyu kenan ban ga ko ɗaya ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Tsutsa bata dawo ba. Kuɗin gurɓatawar sun cire da suka kasa kawo hoto.

Na zauna da littafin jiya na haɗa lissafin wata biyar. Kuɗin kwasar shara ya ƙaru, ba zan ɓoye ba, ga ledar mai ruɓewa da tsada. Amma buhun shinkafa da muke saye a wata ya ragu da uku zuwa huɗu alhali taron bai ragu ba, haka mai da gas, in aka haɗa ribar ta rufe ƙarin har da ɗan saura. Gwaggo yanzu ita ke tambaya ta "nawa aka auna jiya" kafin ma ta ajiye jaka. Baba har yanzu baya juye dafaffe da hannunsa, amma yanzu sau da yawa babu abin juyewar, in ya ragu shi ke ƙullawa ya miƙa wa masu gadi da yaran da ke wankin mota a kwanar mu.

Abin da ke gaba shine tsarin shiyyoyi. Dokar 2019, Local Law 199, ta raba birnin shiyya 20, kowace shiyya kamfani bai wuce uku ba da aka yarda su kwashe sharar ƴan kasuwa, kuma dole farashin sharar abinci da na kayan sake sarrafawa ya zama ƙasa da na shara gama-gari. An fara da tsakiyar Queens a Janairun 2025, Bronx ce ke biye a kakar shekarar. Sai na duba ko kamfaninmu na cikin ukun shiyyarmu, in baya ciki dole mu canza, in ma yana ciki zan nemi farashin sauran biyun in ɗauki littafin darerakun da aka saɓa mana in tafi dashi wurin ciniki.

Saura biyu da ban warware ba: furen ado da masu biki ke kawowa, rabi na gaske rabi na roba a ɗaure da waya, da kofunan shayi na takarda masu santsin roba a ciki waɗanda kowa ke ɗauka takarda ce zalla. Asabar mai zuwa akwai biki na mutum 240, zan gwada sa kwando daban na kofuna a kusa da teburin shayi in gani.